Madarar masu suga ga wanda abinci ba ya shigar masa: tambayoyi da amsoshi

Tun ina yaro ake min faɗa a kan abinci. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, duk abin da ke da yauƙi da ya taɓa harshena sai zuciyata ta taso, ganye kuwa ko ƙamshin dafa zogale na ji sai na bar tsakar gidan. Abincina bai wuce biredi da shayi, shinkafa da mai da yaji, taliya da soyayyen dankali ba, a haka na girma ana ce min mai tsirfa. Ranar da aka tabbatar min ina da ciwon suga aka miƙo min takardar abincin da zan riƙa ci, na duba daga sama har ƙasa, wallahi duk abin da aka ce na ci shi ne wanda ba ya wuce min maƙogwaro, wanda aka hana ni kuma shi ne abin da nake rayuwa a kansa. Ta nan na san madarar nan ta gwangwani da ake sha a madadin abinci, wadda wasu ke ce wa shek. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu irin matsalata da 'yan uwansu suka fi yi min. Ni dai ba likita ba ne, mai ciwon ne kawai da ya daɗe yana fama, saboda haka duk inda magana ta taɓa magani toh likitanka ne da hukunci.

Malam wai mece ce wannan madarar, ba Milo ko Bournvita ba ce aka canja wa gwangwani aka tsuga mata kuɗi?

A'a ba ɗaya ba ne. Milo da Bournvita kayan shayi ne, akwai suga a cikinsu tun daga kamfani, kuma ba a yi su don su tsaya a matsayin abinci ba. Ita wannan an haɗa ta ne da furotin da mai da sitaci da bitamin da ma'adinai a gwargwado, yadda kofi ɗaya zai yi kama da ƙaramin abinci. Kuma ita ma kala-kala ce. Akwai ta kowa da kowa irin Ensure da Complan, wadda ake ba marar lafiya don ya farfaɗo, akwai kuma wadda aka yi musamman don masu suga, wadda aka fi sani a kemis ɗinmu ita ce Glucerna ta kamfanin Abbott. Bambancin shi ne ta masu suga sitacinta ya fi kaɗan kuma irin mai narkewa a hankali ne, don haka suga ba ya tashi fuuu lokaci guda kamar yadda yake yi in ka sha kunun zaƙi. Amma fa yana tashi. Duk wanda ya ce maka ba ta ɗaga suga sam toh bai taɓa gwadawa da mitar auna suga ba.

Ni abinci ne kawai ba na iya ci, a gida ana cewa iyayi ne. Wannan cuta ce ko hali?

Zai iya zama cuta, kuma tana da suna. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka ta a littafinta na cututtuka da sunan ARFID, wato mutum ya riƙa guje wa abinci ko ya taƙaita shi har abin ya taɓa lafiyarsa, ba kuma don yana son ya rame ba, nan ta bambanta da cutar masu tsoron ƙiba. Yawanci ta fuska uku take zuwa. Wani yanayin abincin ne ke hana shi, yauƙi ko ƙarni ko gafi ko gudaji, wani kuma kwata-kwata ba ya jin yunwa sai an tuna masa, wani ya taɓa ƙwarewa ko ya yi mugun amai shi ke nan tsoro ya shige shi. An fi ganinta a masu otizim, lalurar nan da ke shafar mu'amala da mutane tun daga yarinta, amma ba su kaɗai ba.

Sai dai kar kowa ya ɗauki sunan ya liƙa wa kansa, don mai suga yana da wasu dalilan da ke raba shi da abinci. Maganin suga Metformin kansa yana sa tashin zuciya da gudawa da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki, musamman a farko. Wanda suga ya daɗe a jikinsa kuma jijiyoyin cikinsa na iya raunana sai abinci ya riƙa daɗewa bai sauka ba, loma uku ya ƙoshi, ciki ya kumbura, wani lokacin har amai. Ga ciwon haƙori, ga damuwa. Akwai kuma wanda na fi gani a cikinmu, mutum an gaya masa yana da suga, wannan ya ce kar ka ci shinkafa, wancan ya ce kar ka ci tuwo, maƙwabciya ta ce ko wake ma kar ka kusanta, sai a wayi gari ba abin da ya rage masa sai acha da ganye, ya tsorata da kwano gaba ɗaya ya bushe a tsaye. Kowanne da maganinsa, shi ya sa ya kamata ka faɗa wa likita ainihin abin da ke faruwa, ba kawai ka ce ba ka da apetayit ba.

An turo mana a WhatsApp cewa a Ingila madarar nan ta warkar da ciwon suga. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, amma an yanke kai da ƙafar labarin. Binciken da ake nufi sunansa DiRECT, Farfesa Roy Taylor na jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na jami'ar Glasgow suka jagorance shi, sakamakon farko ya fito a ƙarshen 2017. Mutane wajen 300 aka ɗauka aka raba gida biyu, gida ɗaya aka ɗauke musu abinci gaba ɗaya aka sa su a kan abin sha da miya na musamman, kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 825 zuwa 853 a rana, tsawon wata uku zuwa biyar, sannan aka dawo musu da abinci sannu a hankali. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin ɗari na wannan gidan sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, ɗaya gidan kuwa kashi 4 ne kacal. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne suka samu haka. Da aka kai shekara biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36, ya kuma ci gaba da raguwa yayin da ƙiba ke dawowa. A kan wannan ne hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta fara nata shirin a 2020.

Toh amma su waye aka ɗauka? Masu ciwon suga nau'i na biyu ne, masu ƙiba, waɗanda ba su wuce shekara shida da gano ciwon ba, kuma ba sa allurar insulin. Ranar da suka fara aka tsayar musu da maganin suga da na hawan jini, ma'aikatan lafiya na bibiyarsu. Kuma ba wani sirri ne a cikin garin madarar ba, ramewar ce ta yi aikin, kitsen da ya taru a hanta da pankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, ya ragu sai suka dawo aiki. Su kansu masu binciken ba su ce warkewa ba, cewa suka yi ciwon ya lafa, in ƙiba ta dawo shi ma ya dawo.

Yanzu ka dubi kanka. In kai mai ƙiba ne da aka gano maka ciwon kwanan nan, wannan magana ce da za ka iya kai wa likitanka. In kuma kai ne wanda dama abinci ba ya shigar masa, wando na zamewa daga ƙugu, toh wannan tsarin ba naka ba ne ko kaɗan, kai ƙari kake nema ba ragi ba. Gwangwanin ɗaya ne amma aikin biyu ne, kuma masu tallan kayan rage ƙiba da ke bin mutane gida-gida ba za su tsaya bambance maka ba.

Toh ni da na rame, yaya zan yi amfani da ita?

Ka ɗauke ta a matsayin mai toshe giɓi. Ka duba ranarka, wane lokaci ne ka fi tsallake abinci? Ni safiya ce, ba abin da ke shiga sai shayi da biredi, su kuma suna harba min suga sama. Sai na mayar da madarar ta zama karin kumallona, in na iya na haɗa da dafaffen ƙwai ɗaya, da rana da dare kuma na ci abin da zan iya ci, na rage yawan shinkafar na ƙara nama ko kifi ko awara a gefe. Wani kuma tsakanin abinci zai sha, bayan ya ci ɗan abin da ya samu shiga, don in ya sha dab da cin abinci cikinsa zai cika ya kasa cin komai.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne kofi ɗaya kalori 200 ne ko kusa da haka, babban mutum kuwa yana buƙatar wajen 2000 a rana. Wanda ya sha kofi uku ya ce ai ya ci sau uku, gaskiya ko sulusin abincinsa bai samu ba.

Maganina fa, in ci gaba da sha yadda na saba?

Nan ne wajen da ya fi ko'ina haɗari, kuma nan na sha wuya. An taɓa sa ni a kan glibenclamide, wata safiya na haɗiye shi, abincin da aka kawo ya ƙi shiga, na ce bari na sha rabin kofin madara na fita. Wajen sha ɗaya ina tsaye a kasuwa sai zufa ta karyo min, hannuna na rawa, ina jin maganar mutane kamar daga cikin rijiya, Allah ya sa mai shagon da nake gabansa ya san ciwon ya ɗura min lemon kwalba. Laifin ba na maganin ba ne, ni ne ban faɗa wa likita cewa ba na cin abinci kamar sauran mutane ba, shi kuma ya rubuta min magani a kan zaton ina cin tuwo sau uku.

Magungunan ba ɗaya ba ne. Glibenclamide da glimepiride da gliclazide suna matsa wa jiki ya fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba, saboda haka in ka rage abinci suga zai iya faɗuwa, glibenclamide ma ya fi daɗewa a jiki musamman ga tsofaffi da masu matsalar ƙoda. Insulin mai haɗi irin Mixtard da ake yi safe da yamma shi ma an tsara shi ne a kan za ka ci abinci a kan lokaci. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga, matsalarsa ciki ce, kuma in aka daɗe ana shansa yana rage bitamin B12, wanda dama mai zaɓen abinci bai cika samun isasshe ba. Akwai kuma sababbin nan masu fitar da suga ta fitsari, dapagliflozin da empagliflozin, su in mutum ya rage abinci sosai jininsa na iya yin tsami, abin da ake kira ketoacidosis, ko da mita na nuna suga bai hau ba. Alamarsa amai, ciwon ciki, kasala da numfashi mai zurfi da sauri, wannan asibiti ne kai tsaye.

Don haka kafin ka mayar da madara madadin wani abinci, ka ɗauki gwangwanin da duk magungunanka a leda ka kai wa likita, ka gaya masa abin da kake iya ci tsakani da Allah, ko da biredi da Indomie ne kawai. Kunyar faɗa ce ta kusa kai ni ƙasa. Kar kuma ka rage ko ka tsayar da magani da kanka.

In suga ya faɗi zan iya shan madarar ta tashe shi?

A'a. An yi ta ne don ta shiga jini a hankali, kai kuma a lokacin gaggawa kake. In mita ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 in mitarka mai ƙananan lambobi ce, ka sha giram 15 na suga mai saurin shiga, wato ƙaramin cokali huɗu na suga a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai suga, ka jira minti 15 ka sake gwadawa, in bai tashi ba ka maimaita. Bayan ya tashi ne madarar za ta yi amfani don kar ya sake zamewa. Wanda ya suma kuma ba a ɗura masa komai a baki, a ɗauke shi sai asibiti.

Me zan duba a jikin gwangwani kafin na saya?

Lambar NAFDAC da ranar lalacewa tukuna, da murfin ko an taɓa buɗe shi. Sannan ka juya baya wajen jadawalin. Kar rubutun babu suga da ke gaba ya ruɗe ka, jimillar kabohaidiret, wato sitaci da suga a haɗe, za ka duba, don akwai sinadari irin maltodextrin da ba a lissafa shi a suga amma yana ɗaga suga da sauri. Ni ma'aunina kofi ɗaya kar ya wuce giram 30 na kabohaidiret, furotin ya kai giram 10 ko fiye, in da faiba, wato dusa-dusar abinci, a ciki ya fi. Ka kuma lura lissafin na cokali nawa ne, kuma da ruwa aka ce a dama ko da madara, don in ka dama da madara ka ƙara wajen giram 12 na suga a kowane kofi ba ka sani ba. Cokalin da ke cikin gwangwanin shi ne ma'auni, ba cokalin miyar gidanku ba.

Yaya gaskiya ta fi ƙarfin aljihuna. Ba zan iya haɗa tawa a gida ba? Kunu ko fura ba za su yi ba?

Tsada kam akwai ta, ni ma ba kullum nake iya saye ba. Kunu da koko da kunun zaƙi kusan zallar sitaci ne da aka niƙa aka tace aka dama, shi ya sa suke shiga jini da gudu ko ba a sa suga ba, kunun gyaɗa ma shinkafar da ke ciki da sugan da ake zubawa su ne matsalar ba gyaɗar ba. Fura da nono ta ɗan fi su saboda nonon, in za ki sha ki rage furar ki yawaita nonon ki bar suga.

Abin da nake haɗawa shi ne kindirmo marar suga kofi ɗaya, ko madarar waken suya da aka dafa sosai, markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa babban cokali biyu, in lokacin piya ne na sa rabi, wani lokacin ɗan riɗi ko garin 'ya'yan kuka don tsami-tsami, a markaɗa ya yi sumul. Yana riƙe ciki kuma mitata ba ta tashi sosai da shi. Sai dai ki sani wannan ba cikakke ba ne kamar na gwangwani, ba shi da duk bitamin da ma'adinan da aka zuba a can, saboda haka in shi ne yawancin abincinki ki tambayi likita ko za a ƙara miki ƙwayar bitamin. Kar a sa ɗanyen ƙwai, kar a sa madarar ruwa mai kauri mai zaƙin nan, nonon kuma ya zama wanda aka dafa madararsa kafin a kwantar. Zuma da dabino kuma, na san albarkarsu kuma na san za a ce ai na Allah ne ba na kamfani ba, amma suga ne, mita ba ta bambance su.

Ta yaya zan gane ta karɓe ni?

Mita ce za ta faɗa maka. Ka gwada kafin ka sha, ka sake gwadawa bayan awa biyu, ka yi haka kwana uku ko huɗu ka rubuta a littafi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ga manya shi ne 80 zuwa 130 kafin abinci, ƙasa da 180 bayan abinci, sai in likitanka ya ba ka naka daban. Na san tsinken gwajin ma kuɗi ne, amma gara ka kashe guda takwas a farko ka san inda ka dosa. Ka riƙa hawa sikeli sau ɗaya a sati kuma, in kana shan madarar amma kilo na ci gaba da sauka toh ba ta ishe ka ba, ko kuma akwai wani abin da ba a gano ba.

Na saya amma na kasa sha, ƙamshin na tayar min da zuciya, in na daure na sha kuma cikina ya yi ta ƙugi.

Wannan kam ni ɗan gari ne. Mai matsalar yanayin abinci ba don abu ya zama ruwa zai wuce masa ba, ni mai ɗanɗanon banila ta fi min sauƙi, mai cakulan ko kallonta ba na so. In ta yi sanyi ƙamshin yana raguwa, tsinken shan lemo ma yana taimakawa don ba ta bin duk harshe, kofi mai murfi kuma yana tare hanci. Gudaji ne babban abokin gabana, sai na fara dama garin da ruwa kaɗan ya narke sannan na ƙara sauran, wani lokacin har na tace da rariya. Kar ka kwankwaɗe lokaci guda, kurɓi-kurɓi cikin minti ashirin ko talatin. In da hali ka fara sayen ƙarami kafin babba, kar ka zuba kuɗi a abin da zai ƙare a saman kwaba.

Ƙugin ciki da gudawa kuma ko dai jikinka ba ya narkar da sugan madara ne, wanda ya zama ruwan dare a cikinmu, ko kuma kayan zaƙi irin maltitol da sorbitol ne, ko faibar ce ta zo wa cikin da bai saba ba. Fara da rabin kofi na 'yan kwanaki. Wasu kuma akasin haka suke samu, bayan gida ya yi tauri, su ruwa za su ƙara sha.

Zan iya barin abinci gaba ɗaya na zauna a kanta?

Akwai marasa lafiya da ke rayuwa a kan abincin ruwa kaɗai, amma wannan likita da masanin abinci ne ke lissafa musu. Kai da kanka ban ba ka shawara ba, ba don aljihu kaɗai ba. Abin da na lura a kaina shi ne madarar na sa mutum ya saki jiki, tunda akwai mafita sai ka daina ƙoƙari, abinci biyar ɗin da kake iya ci su koma uku. Akwai watan da ko ƙwai na daina ci don kawai dama madara ya fi sauƙi, da na dawo zan ci sai na ji ƙarninsa kamar ban taɓa ci ba.

Dabarar da masu kula da irin wannan matsalar ke koyarwa ita ce ka tashi daga abin da ka saba zuwa maƙwabcinsa, ba ka yi tsalle zuwa kwaɗon rama ba. Ni daga soyayyen dankali na koma soyayyar awara don duk ƙarau-ƙarau suke, daga nan ƙosai, daga ƙosai alala duk da ta ɗauke ni wata da watanni, daga baya na iya cin kokwamba in an fere an yanka siriri. Miyar kuka har gobe ba mu shirya ba, kuma na daina jin kunyar hakan. A manyan asibitocin koyarwa akwai sashen masana abinci, akwai kuma likitocin halayyar ɗan Adam, ka nemi a tura ka, zuwa wajensu ba ya nufin taɓin hankali.

Mai ciwon ƙoda fa, ko mai juna biyu, ko yaro?

Mai ƙoda kar ya sha kowace iri sai an duba, don furotin da potassium da phosphorus ɗin ciki na iya yi masa yawa, akwai wadda aka yi musamman dominsu. Mai ciki za a iya ba ta a matsayin ƙari in amai ya hana ta ci, amma tsarin rage kalori haramiyarta ne. Yaro mai ciwon suga nau'i na ɗaya madarar manya ba tasa ba ce sai likitan yara ya ce, kuma duk abin da ya sha sai an lissafa shi a insulin ɗinsa. Iyaye ku riƙe wannan, ko yaro ya ƙi cin abinci ba a tsayar masa da insulin gaba ɗaya, a kira likita ya faɗi yadda za a daidaita. Ku kuma sa ido a kan 'yan mata da samari masu tasowa, wasu suna gane cewa in sun rage allura suna ramewa sai su riƙa yi a ɓoye, wannan yana kashewa.

Da azumi zan iya yin sahur da ita?

Tambayar farko ita ce ko ya kamata ka yi azumin ma. Wanda dama ba ya samun isasshen abinci, ga insulin ko maganin da ke kayar da suga, yana cikin waɗanda likitoci ke ce wa haɗarinsu babba ne, kuma Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame. Ka ga likita tun watan Sha'aban bai kama ba, ka kuma tambayi malaminka. In an yarje maka, eh tana da kyau a sahur tare da wani abu mai nauyi kamar ƙwai ko wake, ka jinkirta sahur ɗin, da buɗa baki kuma ta fi kunun tsamiya mai suga. Ka riƙa gwaji da rana, malamai da yawa sun ce ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. In ka ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ka karya azumin, ko da saura minti goma a kira sallah.

Hajiyarmu ta kusa sati biyu ba ta cin komai sai ruwan shayi, mu sayo mata mu yi ta ba ta?

Allah ya ba Hajiya lafiya. Ku fara kai ta asibiti kafin kemis. Tsohuwa mai suga da ta daina ci haka kawai sai an nemi dalili, ko ƙoda ce, ko wani ciwo ne a ɓoye, ko maganin ne ya yi mata yawa. Kuma wanda ya daɗe bai ci ba in aka ɗura masa abinci da yawa lokaci guda gishirin jininsa na iya rikicewa har ya taɓa zuciya, shi ya sa ake farawa kaɗan-kaɗan ana gwada jini. In tana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ta sha abu, ku faɗa wa likita, don ruwan na iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Ku zaunar da ita sosai in za ta sha, ba a kwance ba. Maganin suganta kuma shi ne abin da za ku fara tambaya a kai, yau ba gobe ba.

Mijina ne mai matsalar, na yi girki ya ƙi ci ya dama madara, abin na min ciwo.

Na fahimce ki, uwargidana ma ta daɗe tana ɗauka raini ne. Ba girkinki ya ƙi ba, maƙogwaronsa ne ke rufewa, kuma yawan ci mana ci mana, ko a tara masa 'yan uwa a kansa, ƙara rufe shi yake. Abin da ya yi mana aiki shi ne ta daina tambayata, sai ta ajiye ɗan ƙaramin abu sabo a gefen abin da na saba ci, in na taɓa shi ke nan in ban taɓa ba ta ɗauke ba magana. Ki kuma san alamomin faɗuwar suga da inda yake ajiye mitarsa, ki ajiye suga ko lemo a inda hannu zai kai da daddare.

Ba mu da wuta sosai, in na dama ta safe za ta kai yamma?

Kar ki yi haka. Madara ce, a zafin Maris da Afrilu awa biyu ma ya isa ta fara lalacewa, mai suga kuma amai da gudawa ba ƙaramin abu ba ne a wajensa. Ki dama daidai wadda za a sha a lokacin, da ruwa mai tsabta. In firji na aiki tsaye za ta iya kwana ɗaya a rufe, in kuwa irin wutarmu ce ta ɗauke-kawo toh kar ki dogara da shi. Shi ya sa ta gari ta fi mana ta kwalba, don ta kwalba da an buɗe sai firji. Gwangwanin garin a rufe shi ruf a ajiye inda ba zafi ba laima, ba lallai a firji ba, cokalin ya zama busasshe, kuma ki duba jikinsa akwai adadin makonnin da aka ce a shanye bayan an buɗe, ni da biro nake rubuta ranar da na buɗe a kan murfin.